Wa Ya Ce? Aikin Kalmar "Say" a Tsofaffin Jaridun Ingilishi

Duk wanda ya taɓa buɗe hoton wata jaridar Landan ta shekarun 1700 a kwamfuta, abu na farko da zai ɗaure masa kai shi ne wata kalma da ke ta dawowa kusan a kowane sakin layi, wadda ido ke karantawa "faid". Babu wannan kalma a Ingilishi. "Said" ce, sai dai masu ɗab'i na wancan zamani suna da harafin s iri biyu, gajeren da muka sani da kuma wani dogo mai kama da f da ake sawa a farkon kalma ko a tsakiyarta, kuma jaridar The Times ba ta rabu da dogon ba sai a 1803. Har yau manhajojin da ke mayar da hoton tsohuwar takarda rubutu suna yawan faɗawa wannan tarko, shi ya sa mai binciken da ya san dawan garin yakan rubuta "faid" da gangan a wajen nema, domin ya kamo abin da ya kuɓuce masa. Wannan ruɗani na ido ne, da an saba ya wuce. Wanda ya fi shi wuyar sha'ani yana cikin aikin da kalmar take yi a jimla.

Aikatau "say", wanda shuɗaɗɗen lokacinsa shi ne "said", daidai yake da "ce" ko "faɗa" a Hausa, kuma da wuya a sami wani aikatau da aikin jarida ya dogara da shi kamarsa. Mai karatu na yau ya saba da tsari guda: a kawo sunan mutum da muƙaminsa, a biyo da "said", sannan a zuba maganarsa. Da ya ga haka sai ya ɗauka cewa akwai wani takamaiman mutum da ya buɗe baki ya yi magana, kuma ɗan jarida ya ji da kunnensa ko ya riƙe takardar sanarwar a hannunsa. Wanda ya shiga tsohuwar jarida da wannan zato zai yi ta tuntuɓe, domin a can aikin farko na wannan aikatau shi ne nuna tazarar da ke tsakanin mai ɗab'i da abin da ya faru, wato hannu nawa labarin ya ratsa kafin ya iso maɗaba'a, da kuma iyakar nauyin da jaridar ta yarda ta ɗauka a kansa. Sai daga baya sosai ya koma alamar cewa wane ne ya faɗa.

Dalili kuwa yana cikin yadda ake samo labari. Takardar labarai ta farko da aka sani cikin harshen Ingilishi a Amsterdam ta ƙasar Holan aka buga ta, a watan Disamba na 1620, kuma layinta na farko ƙorafi ne cewa sababbin labaran Italiya ba su iso ba tukuna. Wannan layi ya bayyana sana'ar gaba ɗayanta: babu wakilin da ake aikawa wurin da abu ya faru, akwai dai mai ɗab'i da ke zaune yana jiran jakar wasiƙu da jaridun ƙetare. Fitowar farko ta Daily Courant, jaridar kullum ta farko a Ingila, wadda Elizabeth Mallet ta fitar ranar 11 ga Maris 1702, ta nuna wannan sarƙa a fili. Labarinta na farko an rubuta shi ne a birnin Naples ranar 22 ga Fabrairu, kan isowar sabon wakilin sarki, wata jaridar garin Haarlem na ƙasar Holan ta buga shi da kwanan wata 18 ga Maris, sannan aka fassara shi a Landan. Mai lura zai ce yaya jaridar 11 ga wata za ta ɗauko daga ta 18 ga wata. Amsar ita ce Ingila ba ta koma sabuwar kalanda ba sai a 1752, saboda haka lissafinta yana bayan na maƙwabtanta da kwana 11. In aka daidaita, labarin ya yi mako huɗu cur a hanya.

A irin wannan yanayi, mai yin "say" a jimla galibi takarda ce. Tsarin da za a yi ta cin karo da shi shi ne "Letters from Vienna say that", ko "A letter from Cadiz says", ko ɗan'uwansu "They write from Paris that", wato wasiƙun wuri kaza sun ce, ko ana rubutowa daga wuri kaza cewa. Ba a ambaton marubucin wasiƙar, wanda zai iya kasancewa ɗan kasuwa, ko akawun jakada, ko mai sayar da labarai don kuɗi. Abin lura na biyu shi ne lokacin aikatau ɗin. Abin da ake ba da labarinsa ya wuce da makonni, amma ana rubuta "say" ko "says" a sigar yanzu, domin wasiƙar tana nan a kan teburin mai ɗab'i, kuma duk sa'ad da aka buɗe ta abin da ta faɗa jiya shi za ta sake faɗa. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda mu ma muna cewa takarda ta ce, littafi ya ce. Inda ake zamewa shi ne wajen wakilan suna. Idan sakin layi mai kan Naples ya ce "our", wato namu, mutanen Naples ake nufi, domin muryar mai wasiƙar ce aka kwafo ɗungurungum, ba ta jaridar Landan ba.

Sigar da ta fi kowace yawa, kuma ta fi buƙatar a tsaya a kanta, ita ce wadda ake ɓoye mai maganar gaba ɗaya: "it is said", ko a taƙaice "'tis said". Fassararta "an ce", wani lokaci ma "wai" ya fi dacewa da ita. Wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san bambancin da ake yi tsakanin sigar yankewa, inda marubuci ke cewa "ƙala", wane ya ce, da sigar raunanawa, inda yake cewa "ƙila" ko "ruwiya", an ce ko an ruwaito, domin ya nuna bai tsaya wa ingancin maganar ba. Hausa ta ari wannan "ƙila" ta Larabci har ta mayar da ita kalmar shakka zalla, ta kuma samo "ƙila-wa-ƙala" daga gare ta. To aikin da "it is said" ke yi ke nan a jaridun ƙarni na 18, kuma masu karatu na lokacin sun san da haka sarai.

Ba ita kaɗai ba ce a fagen. Akwai 'yan'uwanta da ake jerawa gwargwadon ƙarfin majiya, ba bisa wata rubutacciyar doka ba, bisa sabo kawai. A can ƙasa akwai "it is whispered" da "it is rumoured", wato raɗe-raɗi da jita-jita. Sama da su kaɗan sai "we hear", mun ji, da ita kanta "it is said". Idan jarida ta ɗan ƙara samun ƙwarin gwiwa sai ta ce "we are informed" ko "we are credibly informed", an sanar da mu, ko majiya mai tushe ta sanar da mu, daga nan sai "we are assured", an tabbatar mana. Labari ɗaya yakan hau wannan tsani cikin mako guda, ya fara a matsayin "an ce", jakar wasiƙu ta gaba ta ɗaga shi zuwa "an tabbatar", ko kuma ta rushe shi a ce wancan rahoto ba shi da tushe. Saboda haka mai tarihin da ya ɗauko sakin layi ɗaya tak, bai duba fitowar da ta biyo baya ba, yana iya gina hujjarsa kan maganar da jaridar da kanta ta janye bayan kwana uku.

Akwai wata siga ta wannan gida da take yawan kayar da masu fassara, kuma ta kan kayar da su har a rubutun zamani. A ɗauki jimla irin "The King is said to be ill". Sunan sarki ne a gaba, "said" tana biye da shi, ƙaramar kalma "is" kaɗai ta raba su, don haka mai gaggawa sai ya rubuta cewa sarki ya ce ba shi da lafiya. Sarki bai ce komai ba. Ma'anar ita ce an ce sarki ba shi da lafiya, kuma mai yiwuwa fada ma musun zancen take yi. Haka "is said to have fled" take nufin an ce ya gudu, ba shi ya ce ya gudu ba. Hausa ba ta gina jimla ta wannan hanya, da "an" ko "aka" take rufe mai aiki, don haka dole mai fassara ya juya jimlar, ya ture sunan daga gaba ya shigar da shi cikin abin da aka faɗa.

Ba kullum ne "an ce" take fitowa daga gaskiyar rashin tabbas ba. Sau da yawa garkuwa ce. Bayan da dokar neman izini kafin ɗab'i ta faɗi a Ingila a 1695, jaridu sun yawaita, amma dokar ɓata suna tana nan da haƙoranta, har John Walter, wanda ya kafa The Times, ya shiga kurkukun Newgate bayan hukuncin da aka yanke masa a 1789 kan ɓata sunan Duke na York, ɗan sarki. Saboda haka masu ɗab'i suka riƙa rubuta harafin farko na sunan babban mutum su ja layi a madadin sauran, su kuma rataya zargin a wuyan "it is said". A shari'ance wannan dabara ba ta da ƙarfin da ake zato, domin ƙa'idar dokar Ingila ita ce wanda ya maimaita ƙazafi daidai yake da wanda ya ƙirƙira shi, cewa "haka na ji" ba ta wanke kowa. Amfaninta na ainihi a wajen mai karatu yake: ana shafa wa mutum kashin kaji a fakaice, jarida kuma ta tsaya gefe kamar mai isar da saƙo kawai. Wani lokaci babu wanda ya ce komai kafin a buga, jaridar ce ta fara faɗa, washegari kuma gari ya ɗauka, sai "an ce" ta zama gaskiya bayan an riga an rubuta ta. A ƙarni na 19 Ingilishi ya ari "on dit" daga Faransanci, wanda ma'anarsa ita ce "ana cewa", ya mayar da shi sunan ɗan guntun tsegumin manya da ake bugawa a jarida, kamar dai yadda muka yi da ƙila-wa-ƙala.

To ina inda aka ambaci sunan mutum, aka ce shi ya faɗa? A nan ma sai an yi hattara, kuma rahoton majalisa ne ya fi nuna haka. A 1738 Majalisar Wakilai ta Birtaniya ta zartar cewa buga muhawararta keta alfarmarta ne. Edward Cave, mai mujallar Gentleman's Magazine, ya kauce wa haramcin ta hanyar buga muhawarar a matsayin ta majalisar wata ƙasar almara mai suna Lilliput, da sunayen da aka hargitsa haruffansu, firaminista Walpole ya koma Walelop, ɗan majalisa Pitt ya koma Ptit. Daga 1740 zuwa 1743 marubucin nan Samuel Johnson ne ke rubuta jawaban, kuma ba daga zauren majalisa ba. Akan kawo masa sunayen waɗanda suka yi magana da ɓangaren da kowa ya goya wa baya da 'yan guntayen bayanai, shi kuma ya zauna ya ƙera musu jawabai masu fasahar da yawancinsu ba su da ita. Duk inda aka jingina magana ga wani a waɗannan shafuka, abin da ake nufi shi ne ga irin abin da ya kamata a ce ya faɗa.

Haramcin ya mutu a aikace a 1771, bayan rikicin da majalisar ta yi da hukumomin birnin Landan kan kama masu ɗab'i, rikicin da ɗan siyasa John Wilkes ya rura, wanda ya kai ga tsare magajin garin, Brass Crosby, a Hasumiyar Landan. Duk da haka an ɗauki wasu shekaru ba a yarda 'yan jarida su yi rubutu a cikin zauren ba, har William Woodfall na Morning Chronicle ya yi suna da zama ya saurari muhawara ta sa'o'i ba tare da alƙalami ba, sannan ya koma ya rubuta ta da ka. Daga wannan tarihi ne aka gaji salon da ya mamaye jaridun ƙarni na 19, inda ake ba da jawabi a bakin mai rahoto, ba a bakin mai shi ba. Ana sa "said" sau ɗaya tak a farkon jawabin, sannan a ci gaba shafi guda ko fiye ba tare da an sake ta ba.

Ga misalin da na ƙirƙira domin a ga yadda abin yake aiki: "Mr. Brown said he rose with reluctance. He had listened for two hours. The country was ruined, and the ministers knew it." Jimla ta farko ce kaɗai ke ɗauke da "said". Ta uku, in aka cire ta aka ajiye ita kaɗai, tamkar hukuncin jarida ne cewa ƙasa ta lalace kuma ministoci sun sani. Alhali maganar ɗan majalisar ce, kuma abin da ya fito daga bakinsa a sigar yanzu yake, "is ruined" da "know". Ƙa'idar Ingilishi ce ta ja kowane aikatau baya da taki ɗaya saboda yana ƙarƙashin "said", yanzu ta koma da, "will" ta koma "would", "I" ta koma "he". Wannan jan baya shi kaɗai ne shaidar cewa har yanzu muna cikin maganar wani, in ban da 'yan kalmomin da ake tsarmawa cikin baka biyu, irin su "Hear, hear" da "Cheers" da "Laughter", masu nuna goyon baya ko sowa ko dariyar zauren. Hausa ba ta da wannan jan baya. Muna cewa ya ce ƙasa ta lalace, da sigar da shi mai maganar ya yi amfani da ita, don haka in aka fassara irin wannan rahoto jimla bayan jimla, shaidar ta ɓace ke nan. Dole mai fassara ya mayar da abin da Ingilishi ya ɓoye cikin lokacin aikatau, ya riƙa tsarma "ya ce", "ya ƙara da cewa", "in ji shi", ko da babu su a asalin. A ganina wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane tsada ga mai amfani da tsofaffin jaridu, domin yana sa a ɗora wa jarida ra'ayin mutumin da wataƙila adawa take yi da shi. Ko kundin muhawarar da ake kira Hansard ya daɗe yana tattaro abin da yake bugawa daga rahotannin jaridu, sai a 1909 majalisar ta karɓi aikin ta ɗauki ma'aikatanta masu rubuta magana kusan kalma da kalma.

A rahoton kotu kuwa wata siga ce ta daban ke fitowa. A cikin bayanan shari'o'in kotun Old Bailey, waɗanda aka yi ta bugawa ana sayarwa daga 1674 zuwa 1913, shaidu na ƙarni na 18 sukan ba da labari da "says he" da "says I". Sigar ta yanzu ce amma lokacin ya wuce, kuma "says I" ta saɓa wa nahawun makaranta. Maganar talakan Landan ce aka kama da ɗuminta, daidai da yadda mai ba da labari a dandali zai riƙa cewa sai ya ce, ni kuma sai na ce. Tsohuwar siga "saith" ta riga ta fita daga maganar yau da kullum, ta maƙale a takardun rantsuwa.

Akwai kuma inda "said" ta daina zama aikatau kwata-kwata ta koma sifa. Idan aka ga "the said" kafin suna, ma'anarta wanda aka ambata a baya, kuma daga harshen lauyoyi ta shigo jarida, ta zauna daram a sanarwa da talla. A watan Satumba na 1769 jaridar Virginia Gazette ta buga cigiyar wani bawa mai suna Sandy, ɗan kimanin shekara 35, mai sana'ar ɗinkin takalma wanda ya fi aiki da hannun hagu, da ya gudu da wani farin doki. Cigiyar ta ce duk wanda ya dawo da "the said slave" zai sami sule 40 in a cikin gundumar mai cigiyar aka kama shi, fam 4 in a wani sashe na Virginia ne, fam 10 in a wajenta ne. Mai sa hannun shi ne Thomas Jefferson, wanda ya zama shugaban Amurka na uku a 1801. Wanda bai san wannan amfani ba zai nemi abin da bawan ya ce, kuma ba zai samu ba, domin a irin waɗannan shafuka ana maƙala wa mutum kalmar faɗa ne a matsayin lamba, shi kuwa ba a tambaye shi komai ba.

Abin da ya kawo tsarin da muka sani a yau shi ne hira da ɗan jarida, al'adar da ta girma a Amurka. Lokacin da Horace Greeley na New York Tribune ya zauna da Brigham Young, shugaban mabiya ɗariƙar Mormon, a 1859, ya buga tattaunawar a tsarin tambaya da amsa, da haruffan farko na sunayensu a gaban kowace magana, kamar rubutun wasan kwaikwayo, alamar cewa ba a riga an daidaita yadda za a saƙa maganar mutum cikin labari ba. A Birtaniya an daɗe ana kallon hira a matsayin rashin kunyar Amurkawa, har W. T. Stead na Pall Mall Gazette ya nuna ƙarfinta a watan Janairu na 1884, lokacin da ya je Southampton ya ji ta bakin Janar Gordon na sojan Birtaniya kan tawayen Mahadi a Sudan. Ba a yi kwana goma da buga hirar ba gwamnati ta tura Gordon Khartum, inda aka kashe shi a Janairun 1885. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma jaridu sun gano cewa ta fi sayuwa. Daga nan suna ya fara zama a gaban "said", magana kuma ta shiga cikin alamar zancen wani.

Wayar tangaraho ta taimaka, ko da yake ba ta kashe tsohon salo nan take ba. Labarin harbin Shugaba Lincoln a Afrilun 1865 sai da ya yi kusan kwana 12 kafin jirgin ruwa ya kai shi Landan, amma bayan an shimfiɗa waya mai ɗorewa a ƙarƙashin tekun Atlantika a 1866 tazarar ta koma ta sa'o'i. Jaridun Birtaniya suka maye gurbin wasiƙa da waya, suka ci gaba da cewa "A Reuter's telegram says", wato wayar kamfanin dillancin labarai na Reuter ta ce, takarda dai ce ke magana har yanzu, kuma a sigar yanzu. Masu mulki su ma sun samo hanyar komawa bayan labule. Shugaba Calvin Coolidge, wanda ya mulki Amurka daga 1923 zuwa 1929, yakan gana da 'yan jarida a kai a kai bisa sharaɗin a miƙa tambayoyi a rubuce kuma kada a ambato shi kai tsaye, saboda haka abin da ya faɗa da bakinsa yakan fito da sunan wani "White House spokesman", kakakin fadar shugaban ƙasa da babu shi. A Landan kuma wakilan da ke da izinin shiga farfajiyar majalisa suka saba da "it is understood", an fahimci cewa, wadda a mafi yawan lokuta take nufin minista ne ya faɗa amma ya hana a kira sunansa. Wannan juyi ne mai ban sha'awa, domin a 1720 sigar da ba ta da mai magana tana nuna majiya mai rauni, a 1930 kuwa sau da yawa tana nuna majiya mafi ƙarfi.

Marubutan ƙarni na 19 da farkon na 20 suna ƙyamar maimaita kalma ɗaya, don haka suka tara wa "said" kishiyoyi, irin su "stated", "declared", "remarked", "averred" da "observed". Ta ƙarshen tana ruɗarwa, domin a wannan muhalli ba lura ko gani take nufi ba, faɗa kawai take nufi. Littattafan salon aikin jarida na baya-bayan nan sun juya wa wannan ado baya, bisa hujjar cewa kowace kishiya tana shigo da hukunci a ɓoye, "claimed" tana jefa shakka kamar yadda "ya yi iƙirarin" ke yi a Hausa, "admitted" kuma tana nuna akwai laifin da aka amsa. Bai kamata a auna tsohon marubuci da wannan ma'auni ba, sau da yawa gudun maimaici ne kawai ya sa shi canza kalma. Haka nan "said he", da aikatau a gaban wakilin suna, tsari ne na yau da kullum a ƙarni na 19. Mujallar Time, wadda Henry Luce da Briton Hadden suka kafa a 1923, ita ce ta mayar da juya jimla tambarinta, har Wolcott Gibbs ya yi mata shaguɓe a New Yorker a 1936 da jimlar nan "Backward ran sentences until reeled the mind", wato jimloli sun yi ta gudu da baya har kai ya juye.

A kanun labarai ne wurin ya fi ƙaranci, kuma a nan ne aka fi jarabtuwa da jefar da "say" gaba ɗaya. Jirgin Titanic ya ci karo da dutsen ƙanƙara a daren 14 ga Afrilu 1912, ya nutse kafin asubahin 15 ga wata. A yinin ranar, saƙonnin rediyo da suka cakuɗe a hanya sun sa wasu jaridu sun ɗauka ana jan jirgin zuwa gaɓa, har Evening Sun ta New York ta buga "All Saved from Titanic After Collision", an ceto kowa, babu "an ce", babu "in ji", babu sunan wanda ya aiko da saƙon. Washegari New York Times ta fito da nata kan labarin, wanda ya ce jirgin ya nutse sa'a huɗu bayan karon, an ceto mutum 866, ta kuma saka "probably", mai yiwuwa, a gaban adadin mamata 1250, da "maybe", wataƙila, a bayan sunan matar attajirin nan Astor, kan ko ta tsira. Inda ta yi shakka ta nuna, amma adadin 866 ta kawo shi a yanke. Da jirgin Carpathia, wanda ya kwashe waɗanda suka tsira, ya iso New York da daren 18 ga wata, waɗanda suka sauko daga cikinsa da rai kimanin 700 ne, mamatan kuma sun kai wajen 1,500.